Ƙugiya ɗaya ta cinye min dambu

Laifina ne, ban musa ba. Kwana uku bayan Babbar Salla aka ɗauke wuta, muna zube kan tabarma a tsakar gida, yara suka matsa sai na yi musu tatsuniya. Ni kuwa malamin tarihi ne, Gizo da Ƙoƙi sun gundure ni, sai na ɗauko musu labarin Aras.

Aras gari ne a arewacin Faransa ta yau, amma a 1640 yana hannun Sarkin Sifaniya. Cikin watan Yuni sojojin Sarkin Faransa Luwi na 13 suka yi masa ƙawanya, suka haƙa ramuka suka zagaye ganuwa. Sai rundunar Sifaniya ta ɓullo ta bayansu ta tare hanyar abinci, masu ƙawanya suka wayi gari cikin ƙawanya, yunwa na cin na waje tana cin na ciki. Da ƙyar ayarin guzuri ya kutsa ya iso, ran 9 ga Agusta garin ya miƙa wuya.

Da a nan na tsaya, da na tsira. Amma bakina ya ƙi. Na ce musu ana ba da labarin cewa masu tsaron garin sun rubuta cika-baki a ƙofa: ranar da Faransawa za su kama Aras, ranar ɓeraye za su ci kyanwoyi. "Za su kama" da Faransanci shi ne prendront. Da Faransawa suka shiga ba su kankare rubutun ba, harafin p kaɗai suka goge, ya koma rendront, wato "za su mayar". Ba su kuwa mayar ɗin ba. Sifaniyawa sun dawo a 1654, kwamandan Faransa Turenne ya fatattake su, yarjejeniyar 1659 ta bar wa Faransa garin.

Babban ɗana, ɗan aji biyar, ya yi shiru can ya ce, "Baba, harafi ɗaya tak?" Na ce ɗaya tak. Har raina ya yi fari, na ce yaron nan zai gaje ni.

To, uwargida ta ware min kasona na dambun nama a gwangwanin madara, wanda ya ji yaji da man gyaɗa, irin wanda ake ɗiba da yatsa uku ana lumshe ido. Da safe zan tafi gaishe da surukai, na ɗora shi can saman durowa, na yagi ƴar takarda na liƙa. Takardar ƙarama ce, sai na matse rubutun: KAR A CI.

Kwana biyu ina hanya, ba abin da ke raina sai gwangwanin nan. Ina dawowa ko takalmi ban cire ba na miƙa hannu. Fayau! Na duba takarda. Tana nan, ba a goge komai ba. An dai lanƙwasa wa K ƴar ƙugiya a ka, da jan biron da nake duba jarrabawa: ƘARA CI.

Na tara su. Auta, leɓe na sheƙi, ta ce, "Baba, umarni muka bi." Babban ya gyara tsayuwa ya ce, "Su Faransawa cirewa suka yi, Baba. Ni ban rage maka ko harafi ba."

Na juya wajen uwargida neman agaji, na tarar ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗu na rawa.

"Maigida, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wa ya aike ka koya musu?"

"Ke kina ina aka yi wannan ɓarna?"

"Ina nan. Na ga takarda da rubutun hannunka, ina ni ina saɓa wa miji?"

Ashe da ita aka ci garin.

Daren nan garin kwaki na jiƙa da ƙuli-ƙuli, kyanwar gidan na gefe tana lasar gwangwanin. Wuta ta sake ɗaukewa, suka matso. "Baba, a ba mu wani labarin yaƙin."

Na gyara murya na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."