Ba A Wanke Allo Sai An Biya

Jama'a, ku yi mini haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kimiyya nake koyarwa a wata ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato. Akwai wani yaro da na yi a aji biyu, rubutunsa kamar na inji, littafinsa fes, duk abin da na sa a allo yana ciki, ko ɗigo bai bari ba. Amma da an fara karatu bi da bi, layi ya kusa kansa, sai fitsari ya matse shi ko ido ya fara masa ciwo. Wata rana cikin zafin Afrilu, bayan an tashi, na tsayar da shi, na buɗe littafin nasa na ce, "Ɗana, karanta mini abin da ka rubuta jiya." Ya kalli shafin, ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Malam, ni dai zanawa nika yi."

Shekara shida a firamare, ɗaya da rabi a wurinmu, zane yake yi. Na tambaye shi makarantar allo fa? Nan take fuskarsa ta sake, ya faɗa mini inda ya kai, ya biya mini babu gargada. Ashe ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Yaron da ya iya haɗa baƙin Larabci da wasali, me zai hana shi haɗa "b" da "a"?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ni ma ban san ta inda zan fara ba. Ina da NCE, na iya tsara darasi, na iya zana zuciya da huhu a allo. Amma yadda ake zaunar da ɗan shekara 13 a koya masa haɗa baƙi ba tare da an ci masa fuska ba, wannan babu wanda ya taɓa nuna mini. Ku tambayi malamin lissafi, ku tambayi na noma, kai har na Turanci, wanda shi nahawu da insha'i aka koya masa ya koyar. Dukanmu an yaye mu ne a kan cewa yaro zai zo mana da karatunsa.

Daga aji huɗu na firamare, tsarin da aka daɗe a kai shi ne a koma koyarwa da Turanci, kuma a daina koya wa yaro karatu, a fara sa ran da karatun zai koyi sauran darussa. Wanda jirgin nan ya bari a tasha, babu wani da ke tafe. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma alheri ce babba. Sai dai a aikace yaro na hawa aji ne da shekaru, ya iya ko bai iya ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi a shekara goma da haihuwa. To ina yaran nan suke zuwa bayan shekara biyu? Ajina suke zuwa. Kuma giɓin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani masani, Keith Stanovich, ya bayyana shi tun 1986: mai karatu kullum ƙara kalmomi yake yi, kamar ɗan kasuwa mai jari, marar karatu kuwa gudun takarda yake yi, tazarar na ƙara faɗi kowane zango.

Ba zan ce ba a yi komai ba. Shirin Mu Karanta da aka yi a Sakkwato da Bauchi da tallafin Amurka ya kawo littattafan Hausa da horon malamai, amma 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare ya nufa. Daidai ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tambayata ita ce waɗanda suka riga suka wuce fa, waɗanda gemu ya kusa fito musu? A zuba musu ido har jarrabawar aji uku, a tura musu amsa ta taga?

Akwai tsarin da ake bi a wasu ƙasashe na taimakon yaro mataki-mataki. A Amurka ya yi ƙarfi ne bayan wata dokar ilimin masu buƙata ta musamman ta 2004. Kada sunan Amurka ya tsorata kowa, kamar harkar asibiti ce. Mai zazzaɓi ya je ɗakin shan magani na unguwa, in ta ƙi a tura shi babban asibiti, in ta ƙi nan ma sai asibitin koyarwa. Ba a kai kowa wurin babban likita, ba a kuma sallamar kowa da Panadol.

Kafin komai sai an gwada. Gwajin ba na takarda da biro ba ne, don mai zane zai iya tsallake shi. A makon farko na zango a kira yaro shi kaɗai, a ba shi takarda ya karanta a bayyane, minti ɗaya ko biyu. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta sauƙaƙa abin zuwa hawa biyar: wanda bai san baƙi ba, mai sanin baƙi, mai karanta kalma, mai karanta 'yan jimloli, mai karanta labari. Kowane malami zai iya koyon wannan a yini guda.

Mataki na farko na kowa da kowa ne, kuma aikin kowane malami ne. Kafin in fara darasin numfashi, in ware kalmomi huɗu ko biyar masu wuya, mu furta su tare, mu tsinka su gaɓa-gaɓa, in faɗi ma'anarsu da Hausa. In karanta sakin layi da murya, su bi da yatsa, sannan su karanta wa juna biyu-biyu. Minti goma ne. Da malamai takwas za su yi haka kullum, yaro ya samu fiye da awa guda ta karatu ba tare da an taɓa jadawali ba.

Mataki na biyu na waɗanda wannan bai ishe su ba. A haɗa su ƙungiya ƙarama, a ce shida zuwa takwas, gwargwadon inda suka tsaya a karatu, ba gwargwadon ajinsu ba. Rabin awa, sau uku ko huɗu a mako, tsawon zango. Ni a ganina da Hausa ya kamata a fara. Rubutun Hausa bai cika yaudara ba: ba, be, bi, bo, bu, abin da ka gani shi za ka furta. Turanci kuwa baƙi ɗaya sai ya yi maka murya uku. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi a harshen da yake mafarki da shi, ya ɗauki makullin, sai ya tafi da shi ƙofar Turanci. Duk bayan mako biyu a sake gwada shi, a rubuta. Ya ci gaba, ya koma cikin jama'a. Bai motsa ba, sai mataki na uku: shi da malami, ko su biyu, kullum. A nan ne ake duba ido da kunne, a tambayi ko yana karyawa kafin ya fito, a lura ko yana da lalurar nan ta wahalar haɗa baƙaƙe da sautinsu, wadda ba ta da alaƙa da daƙiƙanci.

Turawan da suka tsara abin sun yi lissafin cewa kusan kashi 80 cikin ɗari matakin farko zai ishe su, 15 su buƙaci na biyu, 5 na uku, kamar dala mai faɗin gindi da tsinin kai. A nan ne nake rabuwa da masu kwafo tsari ɗungurungum. A azuzuwa da yawa namu dalar a kife take. In rabin aji ko fiye na buƙatar mataki na biyu, ba ƙungiyar mutum shida za ka kafa ba, makarantar gaba ɗaya za ka girgiza. A ware awa guda da safe, a rushe azuzuwa, kowa ya tafi ɗakin da ya dace da karatunsa. Haka Pratham ta yi a Indiya, masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka gwada suka ga yana aiki. An kuma jarraba shi a firamaren Kano da Borno.

Mu kuwa a garin Shehu, wa zai koya mana wannan? Ku leƙa kowace makarantar allo a Mabera ko Runjin Sambo. Yara arba'in a zaure, kowa da allonsa, kowa da inda ya kai. Na babbaƙu daban, na farfaru daban. Malam na sauraron kowa shi kaɗai, manyan almajirai na biya wa ƙanana. Kuma ba a wanke allo a ɗora sabo sai an biya na jiya. Ba bulalar nake yabo ba, ita a bar ta can. Amma wannan ƙa'ida ta kowa da allonsa, mu 'yan boko mun yar da ita, muna wanke wa yara allo duk ƙarshen shekara ko baƙi ɗaya ba su biya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: horon malamai. Na sha zuwa bita. Kwana uku a babban ɗaki mai sanyi, a haska rubutu a bango, a ci shinkafa da kaza, a sa hannu a karɓi alawus, a ba ka takardar shaida. Ranar Litinin ka koma ajinka mai yara tamanin, babu ko takardar gwaji guda. Wani lokaci ma wanda aka tura bitar ba ya shiga aji, sunansa ne dai ke kusa da mai rubuta sunaye. Koyar da karatu sana'ar hannu ce kamar jima ko ɗinki, ba a koyonta da kallon bango. A kawo yara na gaske wurin horon, malami ya gwada su, ya koyar, wani gwani na kallo ya gyara masa. Sannan gwanin ya biyo shi makaranta, ko sau biyu a wata, a matsayin abokin aiki, ba sufeto mai jan biro ba. Malaman makarantu uku ko huɗu da ke kusa su riƙa zama a ƙarshen wata, kowa ya kawo yaron da ya gagare shi.

Nana Asma'u ba taron kwana uku ta yi wa jajis ba, wato matan da ke jagorantar ƙungiyarta ta karantar da mata, 'Yan Taru. Zaɓo su ta yi, ta karantar da su, ta naɗa musu malfa, suka koma ƙauyukansu suna karantar da mata, suna dawowa wurinta su ƙara. Zaren bai tsinke ba, shi ya sa 'Yan Taru suka rayu bayan rasuwarta a 1864. Muna da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, muna da tsangayar ilimi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Da za a sa duk mai neman zama malami, ko na lissafi ne, ya ɗauki kwas ɗaya na koyar da karatu, kuma lokacin koyarwar gwaji a ɗanƙa masa yara biyar ya fitar da su daga hawa ɗaya zuwa na gaba, da ƙananan hukumomi 23 na jihar nan sun gani a ƙasa.

Na san za a ce mini albashi, za a ce cunkoso, za a ce manhaja ba ta ƙarewa. Duk gaskiya ne, ni ma a ciki nake. Amma manhajar da ka ƙare wa masu zane, wa ka ƙare wa? Abin da na fi tsoro ma kunya ce. Ranar da aka kira ɗakin nan "ajin daƙiƙai", ranar ya mutu, don saurayi ya gwammace ya tafi tuƙa Keke da a yi masa dariya gaban 'yan mata. Yarinya kuma, in uba ya miƙo mata takardar asibiti ta kasa karantawa bayan shekara takwas tana sa yunifom, da wane baki za ka hana shi cire ta?

Shi yaron nawa, mun yi zango guda muna zama ƙarƙashin dogon yaro lokacin tara, da kwalayen ashana da na yanka na rubuta gaɓoɓi. Lalube nake yi, da an horar da ni da rabin lokacin ya isa. Ya kai ga karanta labarin Hausa mai shafi ɗaya, Turancin kuwa da sauran tafiya lokacin da ya bar hannuna. Makon jiya na je wurin shugaban makarantarmu na ce, "Ranka ya daɗe, a ba mu rabin awa bayan taron safe, mu gwada 'yan aji ɗaya gaba ɗayansu." Ya ce in kawo sunayen malaman da suka yarda. Zuwa yanzu mu uku ne, da malamar Hausa da wani ɗan bautar ƙasa da zai tafi a watan goma.