Samarin Zazzau, ina dariyar nan take kai mu?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa.

Daga shagunan cajin waya na Samaru har majalisun Tudun Wada, bidiyon da ya fi saurin yawo shi ne na mutum-mutumi ya yi tuntuɓe ya kife. A watan Afrilun 2025 aka yi tseren kilomita 21 a Beijing, mutum-mutumi 21 suka shiga tare da mutane. Wani tun a wurin tashi ya zube. Gwarzonsu, Tiangong Ultra, sai da ya kwashe awa 2 da minti 40, ana sauya masa batir a hanya. Mu kuwa muka ɗora wa bidiyon kiɗa muka ce ƙarfe ya sha ƙwaya.

Ban ce kada a yi dariya ba. Amma ku san me kuke kallo. Tsayuwa da ƙafa biyu abu ne mai wuyar gaske ga inji, domin dole ya riƙa auna karkatar jikinsa yana gyarawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Duk faɗuwar da ya yi, na'urorin jikinsa sun ajiye bayanin inda aka kuskure, injiniyoyi su koma su gyara. A 2015 DARPA, hukumar binciken fasahar tsaro ta Amurka, ta shirya gasa saboda haɗarin da ya faru a tashar nukiliyar Fukushima ta Japan a 2011, inda ake neman injin da zai shiga wurin da mutum ba zai iya ba. Duniya ta sha dariyar yadda injinan gasar suke zubewa wajen buɗe ƙofa. A 2017 sai ga mutum-mutumi Atlas na kamfanin Boston Dynamics yana alkafura ta baya. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bakin da ya saba da wannan dariya ba ya tsayawa a kan ƙarfe. Yaro zai haɗa kwali da waya da motar tsohuwar DVD, abin ya ɗaga hannu, a saka shi a Facebook. Ku karanta abin da ake rubuta masa: ɗan wahala, je ka nemi sana'a. Wallahi na China ba ya jin zaginku, amma wannan yaron yana ji, kuma da yawa daga ranar suke ajiye kayan.

Haka raha ta "ga matar da ba ta neman kuɗin cefane" da ake yi wa mutum-mutumi mai siffar mace. Ƙannenku mata da iyayenku suna cikin zaurukan WhatsApp ɗin nan, suna gani ana fifita ƙarfe a kansu. Suratul Hujurati da ta hana mu yi wa juna izgili, ita ce kuma ta umarce mu da bincika labari kafin mu ɗauka. Da yawan bidiyoyin da ake turawa ana cewa alamar tashin ƙiyama ce, da kwamfuta aka ƙirƙire su, babu injin balle masana'antarsa.

A 2022 kamfanin Uniccon ya ƙaddamar da wani mutum-mutumi mai suna Omeife a Abuja, masu shi suka ce Hausa na cikin harsunan da yake magana da su. Mu nawa muka tambayi wa ya koya masa Hausar, kuma daidai take?

Kuna garin da Jami'ar Ahmadu Bello take, ga kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Datar da kuke ƙonawa a TikTok ta isa ku fara koyon Arduino (ƙaramin allon lantarki na sarrafa inji) ko Python (harshen rubuta wa kwamfuta umarni). Wanda ba shi da sha'awar wannan, to in akwai yaro a unguwarku mai haɗe-haɗe, ya kai masa tsohuwar rediyo ko matacciyar fanka, ya kuma haɗa shi da wani ɗalibin injiniya da zai duba masa aikin.