Mu'akkib ba lauya ba ne

Da yawa cikin 'yan uwanmu a Jidda da Makka, da zarar rikicin saki ko riƙon yara ya taso, sai su garzaya wurin mu'akkib. Aikinsa bin takardu ne a ofisoshi. Ba shi da lasisin lauya.

Kafin ki ba kowa riyal ɗaya, ki nemi lambar lasisinsa, ki duba a Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a. Lasisin ma bai isa ba. Gwanin shari'ar kasuwanci yana iya yin tuntuɓe a kotun ahwalus shakhsiyya, wato kotun harkokin iyali, musamman tun da aka kafa dokar iyali ta 2022. Ki gwada shi: cikin kwana nawa miji zai rubuta saki a hukumance? Kwana 15 ne. Ɗaukaka ƙara fa? Kwana 30, in ya wuce hukunci ya tabbata.

Wakala, wato takardar wakilcin da za ki ba lauyan, ita ce inda aka fi yin kuka. Kada ki sa masa ikon yafe haƙƙi, ko sulhu, ko karɓar kuɗi a madadinki, sai kin so. Ladansa kuma a rubuta: nawa ne, kuma ya haɗa da ɗaukaka ƙara ko a'a.