Kwamfutar Hannu Ba Ta Isa Ta Sauko da Jirgi Cikin Gajimare Ba

Ƙorafin da ake ta ji daga wasu matuƙan ƙananan jiragen sama ya fara gundurata. Cewa suke yi hukumomi na wahalar da su ne kawai, tunda manhajar kwamfutar hannu mai araha tana nuna musu inda jirgi yake daidai da na'urar GPS mai tsada da aka tantance, don haka a bar su su dogara da ita ko a cikin gajimare.

Masu wannan magana sun manta dalilin tantancewar. Lokacin da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta amince da Garmin GPS 155 a 1994, na'urar GPS ta farko da aka yarda a tunkari filin sauka da ita cikin gajimare, ɗaya daga cikin abubuwan da aka duba shi ne ko za ta faɗa wa matuƙi cewa lissafinta ya ɓaci. Tsarin RAIM, wanda na'urar ke binciken lissafinta da shi, yana buƙatar taurarin ɗan'adam aƙalla 5 kafin ya gano kuskure, 6 kuma kafin ya ware tauraron da ke ba da bayanin banza. Tsarin WAAS na Amurka mai gyara siginar GPS, da ya fara aiki a 2003, da takwaransa EGNOS na Turai da aka buɗe wa jiragen sama a 2011, suna gargaɗi cikin daƙiƙa 6, abin da ya sa ake barin jirgi ya sauko har ƙafa 200 daga ƙasa kafin sai matuƙi ya ga filin sauka. Kwamfutar hannu kuwa za ta ci gaba da zana jirgi a kan taswira cikin natsuwa, ko da dutse ne a gabansa, ko da zafin rana na gab da kashe ta.

Masu cewa a koma ga tashoshin rediyo da aka girke a ƙasa masu nuna wa jirgi hanya, irin su VOR, kacokan saboda kutsen da ake yi wa siginar GPS a yankin Baltik da Gabas ta Tsakiya, su ma ba su da hujja, domin filayen jirgi da dama ba su taɓa samun irin waɗannan tashoshi ba.

Tsada dai akwai ta a na'urar da aka tantance, musamman sabunta bayanan taswira duk kwana 28. Sai hukumomi su sauƙaƙa hanyar tantancewa don farashi ya sauko, su kuma bar isassun tashoshin VOR a raye saboda ranar da sigina za ta ɗauke.