Taron da mai tambaya ke komawa gida da tambayarsa

Shekara shida ke nan ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, mu Hausawan da ke nan mukan kama hayar wani ɗan ɗaki mu zauna. Watan jiya wata likita ce ta yi mana bayanin ciwon suga. Minti ashirin ta yi tana magana, sauran awa guda duk tambaya ce. Wata dattijuwa ta ciro kwalin maganinta daga jaka ta ce, "'Yar nan, wannan kafin abinci ake sha ko bayan an ci?" Ba ta tashi ba sai da ta gane.

Sai na tuna wani taron ƙara wa juna sani da na halarta a Sakkwato bara, shi ma kan lafiya. An sa ƙarfe goma, babban baƙo bai iso ba sai sha biyu. Uban taro ya yi jawabi, mai masaukin baƙi ya yi nasa, sannan aka karanta maƙala da Turanci. Ana cewa a yi tambaya, ladan ya kira la'asar. Wani tsoho da ke gefena ya naɗe takardar asibitinsa ya mayar aljihu. Har yau abin na ci mini rai.

Kuma fa ba Sakkwatawa ne za a koya wa yadda ake isar da ilimi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su iya Larabci ba. Waƙoƙi ta tsara da Hausa da Fulatanci, jajinta, wato matan da ta naɗa su koyar, suka haddace, suka ɗora malfa a ka, suka bi gari gari suna karantar da 'Yan Taru, wato mata ɗalibanta. A zaure ma, ɗalibi na jan baƙi malam na fassarawa kalma kalma, in bai gane ba ya ce "Allah gafarta malam," a maimaita masa.

Ban ce taronmu na Birmingham ya fi ta ko'ina ba. Lokacinmu na cika mai gadi zai fara kaɗa makullai, zaure kuwa ba a rufe shi.

Yanzu mahaifiyata a waya take sauraren karatu, ta WhatsApp ake turo mata. Tana ƙaruwa sosai, amma waya ba ta amsa tambaya. Shi ya sa nake roƙon masu shirya taro a gida: a yi da Hausa, jawabin manya ya tsaya a ɗaya, a bar wa mutane awa guda cur kafin a kira salla.