Kafin mu kai ga dashen ɓargo, ina ledar jinin?

Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare saƙo ya sake shigowa guruf ɗin unguwarmu, ana neman jini cikin gaggawa, mai haihuwa ce, dan Allah a tura gaba. Na kasa komawa barci, domin bara mu ne muka rubuta irin wannan saƙon. Matar yayana ce ta haihu jini ya ɓalle, aka ce mu kawo leda uku, mu huɗu muka hau mashin daga Tudun Wada cikin sanyin nan, a ƙofar asibitin wani ya tare mu yana cewa Alhaji in jini ne akwai yara a ƙasa, kuɗi kawai za a ajiye. Yaya har ya sa hannu a aljihu, ni na riƙe shi. Aka gwada mu, aka cire ƙaninmu gefe aka ce ba za a ɗauki nasa ba, ashe yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, shi kansa bai sani ba. Yaya yana ta faɗa wa mutumin lab, Malam dan girman Allah ka yi sauri matata za ta mutu, shi kuma ya ce Yallaɓai ka yi haƙuri, in na ba ta jinin da bai dace da nata ba ni zan kashe ta. A daren haushinsa na ji, yau addu'a nake masa.

Abin da nake so mu gane, jinin da ake nema a guje da tsakar dare shi ne ya fi kowane hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace leda sai an duba ta kan cuta huɗu, ƙanjamau, ciwon hanta B da C, da tunjere. To amma gwaji yana da iyaka, mutum zai iya kamuwa yau, a yi makonni cutar tana jikinsa gwajin bai nuna ba, shi ya sa tambayoyin nan da ake yi kafin a ɗebi jini suke da muhimmanci sosai, kuma wanda ya zo sayarwa don yana neman na abinci ba zai faɗi gaskiya ba, ɗan'uwa ma da dangi suka tsare da ido kunya za ta sa ya ɓoye. Wanda ya zo da ƙafarsa don Allah, babu mara lafiya a gabansa, yana dawowa lokaci bayan lokaci ana gwada shi, nasa ne ya fi aminci, binciken ƙasashe da yawa a nan ya tsaya. Kada ma wani ya ce matsalar talaka ce kawai, a Birtaniya daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990 mutum sama da 30,000 aka sa wa cuta ta hanyar jini da magungunan da aka haɗa daga jini, sai a 2024 rahoton binciken ya fito.

Sannan mu daina ɗaukar ƙarin jini kamar maganin ƙarfin jiki, da an ga mutum ya yi fari sai dangi su fara matsa wa likita a sa masa leda ko ɗaya ce. Tun 1999 wani babban bincike a Kanada ya nuna cewa marasa lafiya da aka jira ma'aunin ƙarfin jininsu, wato himogulobin, ya sauka zuwa 7 kafin a ƙara musu ba su fi mutuwa ba a kan waɗanda ake ƙara wa tun yana 10. Wani ƙarancin jinin maganinsa ƙwayar ayon ce da kashe tsutsar ciki da maganin maleriya da abinci. Ita ma mai haihuwa, a 2017 bincike kan mata 20,000 har da na Najeriya ya nuna allurar taranezamik tana rage mutuwa daga zubar jini in an yi ta cikin awa uku, kuma a 2023 wani aikin da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take ciki ya nuna in aka shimfiɗa ledar da ke auna jinin da mace ta zubar, aka haɗa mata magungunan lokaci guda ba a tsaya bi ɗaya bayan ɗaya ba, mummunar zubar jini tana raguwa da kashi 60 cikin ɗari. Wannan fa ’yar Kano ce, nan kusa da mu.

Na ga ana ta yaɗa labarin an samo maganin sikila, kuma gaskiya ne, ni ma na yi murna don ina da ɗan ƙanwa mai fama da ita. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, ana ciro ƙwayoyin ɓargon mara lafiya a gyara su a mayar masa, kuɗinsa dala miliyan 2.2. Dashen ɓargo daga ɗan'uwa kuwa an yi na farko a Najeriya tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin. Amma ku tambayi duk wanda ya san aikin, kafin a yi dashen sai an kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi, mutum ya yi makonni jikinsa ba ya yin jini yadda ya kamata, da jinin wasu yake rayuwa, musamman ƙwayoyin nan masu tsayar da zubar jini waɗanda kwana biyar kacal suke yi a ajiye. Wato babban aikin ma a kan ledar jini mai tsabta yake zaune, ita kuma ledar sai firij mai sanyin digiri 2 zuwa 6 dare da rana, kwana 35 ta tashi aiki, kun ga kenan maganar wuta da sola da janareta duk ta shigo ciki.

A nan Zariya ga ABU, ga Kongo, ga foli, ga kwalejin ilimi, ga ’yan agaji a kowane masallacin Juma'a, garin da ke da matasa haka bai kamata mace ta rasu don leda biyu ba. Abin da ake ɗiba mililita 450 ne, bai ma kai ledar fiya wata ɗaya ba, a jikin da ke da kusan lita biyar, namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk bayan wata uku, mace wata huɗu. Masu tsoron wai ana sayar da jinin da suka bayar kyauta, ina fahimtarku, hakkin asibitoci ne su fito su yi bayanin kuɗin leda da na gwaji dalla-dalla, mu kuma mu riƙa tambaya.

Matar yaya ta tashi, yarinyar har ta fara tafiya. Ƙaninmu yana zuwa ganin likitan hanta, an gwada matarsa an yi mata rigakafi. Ni na bayar sau uku tun daga lokacin, ranar Asabar zan koma na huɗu, duk wanda ke Samaru ko Sabon Gari yana so mu tafi tare ya yi min magana, ya karya kumallo sosai kafin ya fito.