Kula da wanda ba ya iya kula da kansa haƙƙi ne, ba alfarma ba

A Ingila, idan cutar kansa ta kama mutum, hukumar lafiya ta NHS za ta yi masa magani bai biya ko sisi ba. Amma maƙwabcinsa da ciwon mantuwa ya kwantar, wanda buƙatarsa ita ce mai yi masa wanka da ba shi abinci a baki, sai an fara lissafa dukiyarsa. In ta haura fam 23,250, daga aljihunsa kuɗin za su fito, kuma idan gidan kula da tsofaffi zai koma, gidansa ma yana iya shiga lissafi. Cikinsu babu wanda ya zaɓi lalurarsa. Me ya sa ɗaya ke da haƙƙi, ɗayan kuma sai abin da hali ya yi?

Ni dai a ganina wannan bambanci ba shi da tushe. Mutumin da ba ya iya tashi ya kewaya, ko ya sa riga, ko ya tuna ya sha magani, yana da haƙƙin samun mai taimaka masa, kuma alhakin tabbatar da hakan na gwamnati ne. Maganar ma ba sabuwa ba ce. Sashe na 25 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya ambaci kariya a lokacin rashin lafiya, naƙasa da tsufa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan masu buƙata ta musamman ta ƙara fayyacewa a sashe na 19: mutum ya zauna inda yake so, cikin jama'a, a ba shi mataimaki in yana buƙata. A takarda an gama. A aikace ne ake ta jan ƙafa.

Masu adawa sukan ce wannan aikin iyali ne. Gaskiya ne, kuma babu ma'aikacin da zai maye gurbin ɗa ko 'ya a gefen gadon uwa. Sai dai idan an ce "iyali", wa ake nufi? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna a 2018 cewa mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da wasu da ba a biya. Wato akwai wata mace guda da ke tashi cikin dare ta juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, ta canza zanen gadon da ya jiƙe, ta wanke, gari ya waye ta kasa zuwa wurin aiki. Wata uku, shekara, shekara biyar. Bayanta ya riƙe, sana'arta ta mutu, ranar da nata tsufan zai zo ba ta da fansho. Saboda haka masu cewa ƙasa ba za ta iya ɗaukar kuɗin ba, to su sani ana biyan kuɗin nan tuni, sai dai da lafiyar wadda ba ta da bakin magana. Shi kuma wanda bai haihu ba, ko 'ya'yansa suka riga shi, ina za a kai shi?

Batun kuɗin ba wasa ba ne, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1. Amma an ga waɗanda suka gwada. Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dole a 1995, ma'aikaci da mai ɗaukarsa aiki kowa na zubawa, kuma wanda ya zaɓi danginsa su kula da shi a gida ana iya ba shi kuɗi a hannu. Japan ta bi sahu a 2000, inda kowa ke fara biya daga shekara 40. Sukotilan ta mayar da taimakon wanka, sa tufafi da makamantansu kyauta ga masu shekara 65 zuwa sama a 2002, ta faɗaɗa shi zuwa waɗanda ba su kai haka ba a 2019. Dukkansu na kuka da ƙarancin ma'aikata da hauhawar kuɗi. Duk da haka a can mutum na iya zuwa ya ce a auna buƙatarsa, in an hana shi ya ɗaukaka ƙara. Ingila kuwa, da ta bar abin a hannun alƙawarin 'yan siyasa, ta tsara ƙayyade abin da mutum zai kashe kan kulawa a rayuwarsa a fam 86,000, aka ɗage, sannan aka soke a 2024.

Ƙasa matalauciya ba za ta yi irin na Jamus gobe ba, ba a kuma nemi ta yi ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ta yarda a cika irin waɗannan haƙƙoƙi sannu a hankali, gwargwadon ƙarfi. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a naɗe hannu. Ana iya farawa da mafi tsananin buƙata: keken guragu, ma'aikaciyar da za ta riƙa leƙowa gida, ɗan alawus ga mai jinya, da 'yan kwanakin hutu da wani zai karɓe ta. A rubuta su a doka, a ware musu kaso a kasafin kuɗi, a kuma faɗi ofishin da za a kai ƙara idan ba a yi ba.